Abin da Ya Kai Ilu Wanzam Damagaram

Tun ranar da muka dawo daga rufe Ilu Wanzam, da wuya mutum ya zauna a bencin shagona bai ɗauko zancen tafiyarmu Damagaram ba. Shekara da shekaru amsa ɗaya muke bayarwa, ni da shi: asake muka je saye, don an ce na can sun fi kaifi. Mutane su yi dariya su ƙyale mu, don kowa ya san ba a kwana biyar a cinikin aska. Yanzu mai maganar ya riga mu gidan gaskiya, kuma shi da bakinsa ya ce in na ga dama in faɗa bayan ransa. To ga shi nan, in huta da tambaya.

Ni tela ne, sunana Haruna. Ilu taubashina ne, ɗan Kawu Sarkin Aska, wan mahaifiyata. Tun muna yara bawana nake kiransa, shi ma haka yake kirana, har muka yi furfura ba a raba gardamar ba. Abin ya faru shekara biyu ko uku bayan an bar fam an koma naira, lokacin da arzikin mai ya iso har ƙauyukanmu na ƙasar Baure. Kai, an ga duniya a lokacin nan! Samari suna dawowa daga Kano da rediyo a kafaɗa da wando mai faɗin ƙafa, ni kuwa ina ta ɗinka wa na gida irinsa har idona ya yi ja. Aure ya yawaita, haihuwa ta biyo baya. Idon Kawu ya fara rauni, sai ya miƙa wa Ilu zabira, jakar nan ta fata da wanzamai ke zuba kayan aikinsu. Kusan kullum akwai suna a ƙauye biyu ko uku, dole Ilu ya tashi kafin asuba ya hau keke, ya aske kan wannan jariri ya wuce na gaba.

Wata rana ya zo shagona bai tsokane ni ba, na san ba lafiya. Ya ce, "Gobe da asuba ka zo ka tashe ni da kanka. Kada ka tambaye ni komai."

Na je, na tashe shi, na miƙa masa buta. Yana karɓa sai hannuwansa biyu suka yi wani irin fizga, kamar an soka masa allura a baya, butar ta yi sama ta bugi bango. Idonsa biyu, yana kallona, yana jin abin da nake cewa. Ya sake yi, ya kuma sake, har sau huɗu. Kafin rana ta ɗaga kuwa shiru, hannun nan ko rawa ba ya yi.

Ya ce, "Tun ina saurayi takan ɗan taɓa ni jefi-jefi. Yanzu kusan kullum ne. Shekaranjiya a gidan suna aska ta kuɓuce mini, ta wuce kunnen jaririya da faɗin yatsa, ta cake a tabarma. Na ce musu ƙuda na kora."

Akwai kalmar da ke bakinmu mu biyu, babu wanda ya yarda ya furta ta, ita ce farfaɗiya. A wurinmu a zamanin nan, wanda aka laƙa wa wannan suna ko kwano ba a haɗawa da shi, balle a ɗora masa kan ɗan kwana bakwai a cinya. Ilu kuwa bai iya komai ba sai aska, ita ubansa ya ci, ita kakansa ya ci. Ya sa na rantse ba zan gaya wa Kawu ba.

Mun yi yawo a ɓoye. Mun sha rubutu a Daura, mun yi hayaƙi a Sandamu, mun je wani sabon asibiti a Kano mai hawa uku da ƙamshin fenti. Ko'ina labarin ɗaya ne. Kafin a yanki kati a bi layi sha ɗaya ta yi, likita ya ce miƙa hannunka, taɓa hancinka, Ilu ya yi tsaf. Sai a ce lafiyarsa lau, a ba shi maganin ƙarin jini. Ban ga laifinsu ba. Ciwon da ke tashi da asuba ya kwanta kafin a buɗe ƙofar asibiti, wa zai gan shi?

Wani dillalin shanu na Babban Mutum ne, ina gwada masa riga, ya yi zancen wani likita a Damagaram da ya iya ciwon rawar jiki. Da na gaya wa Ilu, dariya na haɗa da shi. Mu da ke da mai da benaye, mu tafi neman magani wurin mutanen da fari ya gama cinye musu dabbobi? Ilu bai yi dariya ba. Ya ce, "Bawana, ko a bayan duniya yake za ni." Muka ce wa Kawu asake za mu sayo. Na sa sabuwar rigata mai aiki, na ɗaura agogo, don mutanen Faransa, kamar yadda muke kiran na tsallaken iyaka, su san daga inda muka fito.

Da bazara ne, zafi kamar a bakin murhu. Muka kama ƙiya-ƙiya, 'yar motar hayar nan, zuwa Babban Mutum, daga nan muka hau wata tsohuwar akori-kura mai zuwa Magarya. Direban ya dube ni sama da ƙasa, ya ga riga da agogo, ya buɗe mini ƙofar gaba ya ce, "Bismilla, Mushe."

Na ce, "Wa kake kira mushe? Ka ga ungulu na bina ne?"

Har na fara naɗe hannun riga, sai wata tsohuwa mai tallan cuku ta ce, "Haba ɗan nan, girma ya ba ka. Nan malamin lakwal, makarantar boko ke nan, da babban ma'aikaci ake ce wa haka." Ilu ya yi dariya har da riƙe ciki, rabona da jin dariyarsa an yi wata uku. Daga ranar na sami sabon suna a bakinsa.

A kan iyaka ba wani abin kirki, sanda ce a gicciye a kan durom biyu da rumfar zana. Wani jandarma dogo mai gajeren wando ya karɓi takardunmu na haraji, ya juya su ya mayar, sannan ya nuna zabirar Ilu. Don Ilu ya ƙi barin ta a gida, wai wanzami ba zabira tsirara yake. Jandarman ya zazzage ta a tebur: asake, ƙahoni, almakashi, dutsen wasa wuƙa. Ya ce, "Wannan kayan yaƙi, ina za a kai su?"

Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, wanzami ne ni."

"Kowa haka yake cewa. In gaskiya ne, zo ka nuna."

Ya cire hula ya zauna a kan durom. Na yi maza na dubi agogo, na ga rana ta take tsaka, na sami natsuwa. Ilu ya jiƙa kan nan ya bi shi da aska sumul, ya gyara masa gashin baki. Jandarma ya shafa ƙeya ya ce, "Lahiya lau! Hannunka da sanyi, ɗan Ingilishi." Ya ɗaga mana sanda da kansa, har ya ba mu goro. Da muka koma mota na ga Ilu yana kallon hannunsa kamar na wani. Ya ce a hankali, "Ka gani ko? Da rana nawa ne. Da safe ban san na wa ba ne."

Hanyar Magarya rairayi ne zalla. Sau uku muna sauka mu tura mota, ni da rigar aikin tawa, tsohuwa mai cuku tana daga sama tana ba mu umarni. A Magarya muka kwana a rumfar tasha, muka karya da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai taurin da sai da na jiƙa shi a shayi. Na ce wa mai shayin a ƙasarmu burodi laushi ne da shi kamar katifa. Ya ce, "Shi ya sa kuke da tumbi."

Washegari da la'asar muka shiga Damagaram. Al'adar wanzamai ce, wanzami ba ya sauka sai a gidan ɗan'uwansa, don haka muka tambayi gidan Sarkin Askan unguwa, aka kai mu wurin wani dattijo, Baba Lawali, a cikin Birni, gindin manyan duwatsun nan. Bai san mu ba, bai san garinmu ba. Ganin zabira kawai ya sa aka share mana ɗaki, aka kawo tukuɗi mai dabino da cuku a ƙwarya. Ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba, kuma har yau in zafi ya yi ina tuna shi. Irin mutanen nan ban san ko an bar saura ba.

Bayan magariba aka kafa shayin Buzaye. Mu a gida kofi guda ne mai madara, ka shanye ka tashi. Su kuwa ɗan tsurut ne a ƙaramin gilas, baƙi ƙirin, kuma sai an yi zagaye uku, wanda ya tashi a na biyu ya yi rashin ladabi. Muka sha duka ukun, barci ya ƙaurace wa Ilu. Da asuba abin ya zo masa da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Ya lallaɓa bayan ɗaki ya ɓuya, don in akwai wanda ba ya so ya gani, to wanzami ɗan'uwansa ne. Baba Lawali ya tambaye ni ina baƙonsa, na ce tukuɗi ne ya ɓata masa ciki. Nan da nan uwargida ta aiko da wani jiƙo mai ɗacin tsiya, Baba Lawali ya tsaya a kansa sai da ya shanye. Ilu yana haɗiya yana hararata.

Da muka fita na tambayi wani mai keke ina likita yake, ya nuna mini wani dogon gini. Ashe su asibitin ne likita, shi mai duba mutane lokotoro, babban ma'aikacin jinya kuma majo. Muka yanki kati, muka bi layi a baranda. Layin yana tafiya kamar ba ya so. Ina duba agogo, ina duba hannun Ilu da ya riga ya kwanta lumui, na san yau ma miƙa hannunka taɓa hancinka za a yi. Saura mu kaɗai a bakin ƙofa, sai majo ya fito, wani kakkaura mai tsage a kumatu, ya ja ƙofa ya datse.

Na ce, "Malam, mu ne a kai!"

Ya ce, "Sha biyu ta yi. Sai ukku da rabi."

"Ina za ku?"

"Kwana."

Wai barci! Na ɗauka wasa yake, sai na ga lokotoro ya fito ta baya ya hau ɗan babur ɗinsa ya tafi. Na leƙa titi, kantuna suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, har mai sayar da ruwa ya kife tulunsa. Mu ma muna da ƙailula, amma ta malamai ce da tsofaffi, ba a rufe gari saboda ita. Nan kuwa gwamnati ce da kanta take kwanciya. Na tsaya a barandar nan ina ta faɗa, ina cewa shi ya sa aka bar su a baya, a ƙasarmu yanzu ana can ana zuba kwalta. Babu wanda ya tanka mini, don duk masu jiran sun shimfiɗa mayafansu sun miƙe. Na juya in nemi goyon bayan Ilu, na tarar ya yi matashi da zabira a bakin ƙofar lokotoro, yana ta minshari. Mutumin da tun da ya girma ban taɓa ganin ya runtsa da rana ba. Na zauna ni kaɗai ido biyu a duk faɗin Damagaram, ina gadin agogona.

Uku da rabi daidai babur ya dawo. Lokotoro ya hawo baranda, siririn Bazabarme da farin gilashi, ya tarar da mutum kwance a ƙofarsa. Majo ya girgiza kafaɗar Ilu, ya ga ya tashi a firgice yana zufa, sai ya ɗebo ruwa a randa ya miƙa masa a kofin silba. Ilu ya karɓa. Hannuwan nan suka fizga, kofi ya tashi, ruwan ya wanke wa lokotoro gaban wando tas.

Na ce shi ke nan, yau za mu kwana a hannun jandarma. Majo ya buɗe baki zai yi masifa, lokotoro ya ɗaga masa hannu. Ya durƙusa a gaban Ilu da jiƙaƙƙen wandonsa, bai ko dubi wandon ba, ya ƙura wa kafaɗun Ilu ido. Suka sake fizga, sau biyu.

Ya ce, "Ke, kina jina?" Hausarsa ta Zabarmawa ce, ba ta raba mace da namiji.

Ilu ya ce, "Ina ji."

"Kullum in kin tashi kwana haka take yi?"

Sai hawaye suka zubo wa Ilu. Wata tara yana faɗa wa masu farar riga abin da ke damunsa suna cewa lafiyarsa lau. Yau ga wanda ya gani da idonsa. Ni ma sai da na juya baya na share fuska, kuma ban sake zagin barcin mutanen nan ba.

Lokotoro ya ba shi gado ya kwana a nan, ya zo da kansa da asuba ya tashe shi, ya sake gani. Sannan ya zaunar da mu. Ya ce na'urar da za ta tabbatar tana can nesa, shi abin da idonsa ya gani zai faɗa. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Dangin farfaɗiya ce, ƙarama, mai zuwa a bakin farkawa, kuma ba a ɗaukar ta a kwano ko a tabarma. Ya ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi farare ya riƙa sha kullum, ya ce ya ƙoshi da barci, kada ya taɓa aska sai ya yi awa biyu da tashi. Ya tambaya ko akwai mai irinta a gidansu, Ilu ya ce babu.

Duk bayanin nan kalma ɗaya Ilu ya ji. A hanyar dawowa na yi ta kiransa "ke" ko zai murmusa, bai ko ɗago ba. Sai da muka wuce sandar kan iyaka ya ce, "Zan mayar wa Baba zabirarsa."

Na ce, "Kai bawana, ka yi hankali. Ga magani an ba ka. Wa ya sani in ba ni ba? Ka ja bakinka ka ci gaba da aikinka."

Ya ce, "Kan 'ya'yan mutane ne, Haruna. Shi ya ba ni amana, shi zai ce in riƙe ko in ajiye."

Tunda ya kira ni da sunana na san magana ta ƙare.

Mun iso gida bayan la'asar, muka tarar da Kawu a zaure shi kaɗai a kan buzu. Ilu ya durƙusa ya ajiye zabira a gabansa. Ya faɗi komai, tun daga jaririyar nan har zuwa Damagaram, ya furta kalmar da bakinsa, bai rage ba. Ya ce a nemi wani cikin dangi a ba shi, shi zai koma gona.

Kawu ya ce, "Hannu ɗaya ko biyu?"

"Biyu, Baba."

"Kana ji, kana gani?"

"Ina ji, ina gani."

"Ranar da ba ka sami barci ba ta fi tsanani. In hantsi ya yi kuma kamar an ɗauke da hannu."

Wannan ba tambaya ba ce, kuma wannan kam ba mu kai ga gaya masa ba. Kawu ya lalubo zabirar ya tura ta gaban ɗansa, ya ce, "Jibi akwai suna a gidan liman. Kai za ka. Ka aika musu cewa daga yau sai hantsi, yadda suka saba jirana. Ni shekara arba'in ban taɓa yanka ɗan kowa ba."

Sai a lokacin na tuna. Tun tasowarmu, in Kawu ya dawo daga masallaci da asuba, hannuwansa naɗe cikin babbar riga, yakan shige ɗaki ya saki asabari, ba mai shiga ba mai kira sai rana ta ɗaga. Duk garin an san Sarkin Aska ba ya katse wuridinsa ko sunan ɗan hakimi ne, har mata kan aiko da ruwa ya tofa musu.

Ilu ya ce, "Baba, ai kai wuridi ke tsayar da kai."

Kawu ya girgiza kai. Ya miƙo hannuwansa biyu, duk sun yamutse, ya kife su a kan gwiwa. Ya ce, "Wane wuridi, Iliyasu? Zama nake a kansu har su kwanta. Addu'a ɗaya nake yi a ɗakin nan, Allah ya sa ta tsaya a kaina. Ka yafe mini."

Ilu ya kama hannuwan nan biyu ya riƙe gam. Ni kuwa na lallaɓa na ɗauki takalmana na ba su wuri.